Tsakanin Manganis da Rutiniyam: Rubutun Kwanakin Hunturu

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Farantai cikin asid tun da safe. Safar hannu ninki biyu, gilashin fuska, man kalsiyam a gefe ko da tsautsayi. Asid ɗin nan mai fulorin ba ya nuna kansa nan take, ratsa fata yake yi har ƙashi, sai daga baya a ji. Daƙiƙa talatin, ɗauraya, busarwa. Daga nan murhu, digiri 950, cikin iskar oksijin.

Kowane faranti milimita 5 tsawo, 5 faɗi, kauri rabin milimita. SrTiO3. Aikin asid ya cinye hawan sitironshiyam da ke sama, ya bar na taitaniyam shi kaɗai a fuska. Dabarar Kawasaki da abokansa ce ta 1994, mutanen Twente a Holan suka ƙara gyara ta a 1998. Duk mai wannan sana'a da ita yake buɗe aiki.

Magariba tun kafin biyar. Jamus a Nuwamba.

Talata, 7

Ƙarƙashin na'urar allura. Matakala sun fito, miƙaƙƙu, ba gargada. Tsayin kowace taka 0.39 na nanomita, hawa ɗaya cif na kiristal ɗin. Da rabi aka gani, da fuskar ta cakuɗe ke nan, nan sitironshiyam can taitaniyam, sai a koma farko. Faɗin kowane dandali wajen nanomita 200. Faranti ɗaya da ɗige-ɗige a bakin matakala, na ware shi gefe.

Alhamdu lillahi. Na daɗe gaban hoton kafin in kashe kwamfuta.

Laraba, 8

Tukunyar da ake ɗora hawa-hawa a cikinta tana hannun wani yau. Jira. Bari in zauna in rubuta tambayar a fili, in ga ko tana tsaye da ƙafarta.

Abu biyu zan ɗora, ɗaya bisa ɗaya, sirara, a maimaita. Na farko La0.7Sr0.3MnO3, mai manganis. Maganaɗisu ne har kusan kelbin 370, dab da zafin tafasar ruwa. Mai sauƙin kai, ɗan filin maganaɗisu kaɗan ya ishe shi ya juya. Na biyu SrRuO3, mai rutiniyam. Shi sai an sanyaya shi zuwa kelbin 160 yake zama maganaɗisu, in siriri ne ma sai wajen 150. Mai taurin kai. In ya kafa alƙibla, sai an yi da gaske kafin ya sake.

Kowanensu shi kaɗai, kibiyoyin atam ɗinsa gefe guda suke kallo. A haɗa su fuska da fuska, sai su saɓa. Kwanciyar yara kan tabarma ɗaya, kan wannan wajen ƙafar wancan.

Mai haddasa haka atam ɗin oksijin ne da ke zaune tsakanin manganis da rutiniyam. Rzchowski da Eom a Wisconsin suka ga alamar a 2004. Ziese na Leipzig da Vrejoiu ta Halle suka bi diddigi a 2010: lissafi ya nuna ta haɗin Mn–O–Ru abin yake bi, kuma ƙarfinsa ya rataya a kan yadda atam ɗin ɓangarorin biyu suka cakuɗe a mahaɗa, cakuɗar da ba ta wuce hawa guda ba a samfuransu.

Tawa tambayar: in na gina katanga tsakaninsu, hawa ɗaya na SrTiO3, ko biyu, ko huɗu, a ina za su daina jin juna? SrTiO3 ba ya ɗaukar lantarki, ba shi da maganaɗisun kansa. Hawa ɗaya bai kai rabin nanomita ba.

Tana tsaye, ina ji.

Alhamis, 9

Gas ɗin leza ya tsufa, ƙarfi ya faɗi. Injiniya ya ce sai gobe. Galibin gas ɗin niyon ne, kiribton da fulorin ɗan kaɗan. Tun yaƙin Yukiren a 2022, da masana'antun niyon na Mariupol da Odesa suka tsaya, ba a cika shi sakaka. Kowane ciko sai ya shiga littafi.

Na goge curi biyu, waɗanda leza za ta harba, da samfefa. Aikin yau ke nan.

Juma'a, 10

Masallaci, dawowa cikin yayyafi. An cika gas, ƙarfi ya dawo. Lokaci ya ƙure. Litinin.

Litinin, 13

Bakwai na safe, duhu. Faranti kan murhun tukunya da man azurfa. Famfo ya zuƙe iska, zafi a hankali zuwa digiri 700, oksijin kaɗan, bai kai rubu'in miliba ba. Na yau ba katanga. Shi ne ma'aunin sauran.

Leza, tas, tas, tas. Haskenta ba ya ganuwa, nanomita 248, ido ba ya kama shi. Abin da ake gani ta taga harshen wuta ne da ke tashi daga curi ya lashi faranti a duk harbi.

Ido kan koren allo. Ɗigon haske ya dushe, ya dawo, ya dushe, ya dawo. Kowace dawowa hawa ɗaya ya cika. In hawa ya kai rabi fuska ta yi kaushi, ilektiron ɗin da ake harbowa ta gefe suna watsewa. In ya cika ta koma sumul. Kafin 1997 ba a iya wannan kallo cikin oksijin mai yawa haka, sai da Rijnders da Blank suka matso da allon kusa, suka bi da ilektiron ta siririn bututu mai nasa famfon. Na kan tuna su duk sanda nake ƙirga da baki.

Mai manganis ya ba da ƙirga tsaf. Mai rutiniyam kuwa, bayan hawan farko ɗigon ya ƙi rawa. Atam ɗinsa gudu suke zuwa bakin matakala su zauna can, matakalar ce ke matsawa gaba, fuska ba ta kaushi balle a ƙirga. Nan sai dogaro da adadin harbi da awon da aka yi a baya. Ba na son wannan sashen. Ƙari kuma rutiniyam yana iya haɗuwa da oksijin ya tashi ya bar wurin in zafi ya yi yawa.

Sanyayawa cikin oksijin mai yawa, sannu sannu. Na fito da shi bayan isha'i. Baƙi-baƙi, da sheƙi.

Talata, 14

Eksire. Tsaunin faranti a tsakiya, ƙananan tsaunuka gefe da gefe a tazarar da ya kamata, tsakaninsu ƙananan raƙuma a jere. Ma'ana hawa-hawan sun maimaitu daidai, sama da ƙasa sumul. Kaurin ya zo kusa da abin da na nufa.

Abin da ya tsaya mini a rai yau: matsi. Gidan atam na faranti nanomita 0.3905. Na mai rutiniyam wajen 0.393, ya fi girma, dole a matse shi ya zauna. Na mai manganis wajen 0.388, ya fi ƙanƙanta, dole a miƙe shi. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma saboda shi kibiyar manganis ta fi son kwanciya a shimfiɗe, ta rutiniyam kuma ta fi son miƙewa kusan tsaye. To ga mahaɗa tana cewa su saɓa wa juna, ga faranti yana cewa ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi. Wani sai ya sassauta. Wanene, kuma hawa nawa daga mahaɗa?

Laraba, 15

Layin ma'aunin maganaɗisu. Sunana na daren Juma'a. Takardar a manne a ƙofa, na duba ta, na sake dubawa.

An kawo tulun hiliyam da rana. Kelbin 4.2. Kowa ya rage murya lokacin ɗura. Duk abin da ya tashi ana tara shi ta bututu a mayar da shi ruwa, ba a barin ko kaɗan ya tsere.

Alhamis, 16

Inna ta kira bayan magariba. A hunturu agogonmu da na gida ɗaya ne, wannan kam sauƙi.

"Auta, har yanzu ƙarfen nan ne?"

"Shi ne, Inna."

"Ana ganinsa kuwa?"

Na ce farantin ana gani, abin da ke kansa ne sai da na'ura. Ta yi shiru, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma zancen bikin gidan Kawu. Ba zan samu zuwa ba.

Juma'a, 17

Goma na dare. Samfur cikin tsinken roba na shan lemo, shi ake amfani da shi don ba ya ƙara komai a awo. Hantsaki na roba, ba na ƙarfe ba: ƙurar ƙarfe guda a gefen faranti ta isa ta yi sigina. Farantin ya fi abin da ke kansa kauri sau dubbai, kuma shi ma yana da nasa martanin, ja da baya yake a cikin fili. Sai an cire nasa kafin a ga nawa.

Sanyayawa daga zafin ɗaki cikin ɗan ƙaramin fili, a shimfiɗe. Na sa jerin umarni, na zauna. Ɗigo ɗaya duk bayan ɗan lokaci. 300. 280. Layi yana hawa, manganis ya farka.

Ban iya jira ba har 150. Gida.

Asabar, 18

Ya sauka.

Layi ya hau, ya hau, ya kwanta, sai ƙasa da kelbin 150 kaɗan ya karyo ƙasa. Abu biyu masu maganaɗisu, na biyun ya farka, jimilla ta ragu maimakon ta ƙaru. Ba yadda za a yi haka sai in na biyun ya juya baya ga na farko.

Na san an gani kafin ni. Ganin a nawa samfurin daban ne.

Akwai ɗan ƙari a 105. Wannan na faranti ne: a nan SrTiO3 yake sauya siffa, gidajen oksijin su ɗan murɗe, abin da ke kansa ya ji a jikinsa. Na yi masa alama don kada wani ya ɗauka sabon abu ne.

Shinkafa da wake da rana, har da ƙari.

Lahadi, 19

Zagaye a kelbin 10. Fili zuwa tesila 5, a sauko a hankali zuwa sifili, a wuce ta baya, a dawo.

A maganaɗisu na kullum, in an janye fili ragowar tana kallon inda aka ja ta. Nawa ya tsallaka sifili tun fili bai ƙare ba. Ragowa ƙasa da sifili. Zagayen a birkice a tsakiyarsa.

Yadda na fahimta: a babban fili an tilasta wa duka biyun kallon wuri ɗaya. Da aka sassauta, mahaɗa ta karɓi iko, dole ɗaya ya juya. Rutiniyam ya kafe. Manganis mai sauƙin kai shi ya juya, alhali shi ne mai nauyi: kowane atam nasa kusan 3.7 a ma'aunin Bohr, na rutiniyam wajen 1.6. Babba ya juya wa fili baya saboda ƙarami ya ƙi motsi. Jimilla ta bi babba.

Na aika wa Farfesa hoton ba tare da rubutu ba. Barci ya ƙi.

Litinin, 20

Farfesa bai yi murmushi ba. Ya ɗauki biro, ya zagaye tsakiyar hoton. Ya ce na'urar kanta tana iya yin wannan. Naɗin wayar da ke ba da fili, in ya je tesila da yawa ya dawo, yakan riƙe ɗan saura a cikinsa, kuma sauran yakan kalli baya. Allo ya ce sifili, samfur yana jin wani abu dabam. Abu mai sauƙin juyawa sai ya bi sauran, zagaye ya fito a birkice, ba mahaɗa ba komai.

Na ce birkicewar tawa ta fi faɗin abin da saura zai iya yi. Ya ce to a nuna.

Gaskiyarsa. Duk da haka na fito jikina a sanyaye. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 21

Faladiyam a na'ura, ɗan guntun da ake gwada ta da shi. Ba ya riƙe ragowa, layinsa miƙaƙƙe ne ta kan sifili. Duk buɗewar da aka gani a kansa ta na'ura ce.

Ya buɗe. A birkice kuma, yadda Farfesa ya faɗa. Gabana ya faɗi.

Sai na auna faɗin. 'Yan militesila. Nawa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Ajiyar zuciya, amma rabi.

Laraba, 22

Gwajin da ya fi: samfur ɗin dai, na'urar dai, jerin umarnin dai, amma a kelbin 200. A nan rutiniyam barci yake, manganis kaɗai ke aiki. In mahaɗa ce, babbar birkicewar ta ɓace.

Ta ɓace. Siririn zagaye na abu mai sauƙin kai, abin da ya rage a tsakiya bai wuce faɗin na faladiyam ba. Na sauko 120, ta fara dawowa. 50, ta buɗe sosai.

Farfesa ya duba, ya ce yanzu a gina katanga. Iyakar abin da ya ce.

Da dare na koma kan Meiklejohn da Bean, 1956, a kamfanin General Electric. Garin kobal da iska ta yi wa ɓawon tsatsa. Suka ga zagayensa ya goce gefe guda, suka gano ɓawon ne ke riƙe da cikin. Tun ranar aka san fatar abu tana iya juya cikinsa. Dokokin da ke faɗin yaushe oksijin zai haɗa kibiyoyi biyu, yaushe zai saɓa su, Goodenough da Kanamori suka tsara su a shekarun 1950. Goodenough ya rasu bana, a Yuni, yana da shekara 100. Duniya ta san shi da batirin waya. Mu nan da waɗannan dokoki muka san shi.

Alhamis, 23

Katanga hawa ɗaya. Curi uku a tukunya yau, ana juya su bi da bi.

Manganis, ƙirga. Tsaya. Juya curi. SrTiO3: ɗigo ya dushe, ya dawo, yatsa kan maɓalli. Harbi biyu na ƙari, an fara hawa na biyu. Harbi biyu na ragi, an bar ramuka. A kowane maimaici sai an sake wannan. Wuyana ya ƙage.

Wani abu da ban daina tunani ba: mahaɗar sama da ta ƙasa ba iri ɗaya ba ne. In rutiniyam ya hau kan manganis, hawan sitironshiyam ne tsakaninsu. In manganis ya hau kan rutiniyam, ana sa ran hawan da lantanam a ciki. Ma'auni kuwa jimilla yake ba ni, bai san sama da ƙasa ba.



 

Lahadi, 26

Ɗaki, shayi, takardu.

Abokiyar ofis ta tambaye ni jiya me ya sa oksid, tunda ƙarafa sun riga sun yi wannan. Tambaya ce ta gaske. Grünberg a Jülich, 1986: ƙarfe, kuromiyam siriri, ƙarfe, shimfiɗun ƙarfen biyu suka saɓa. Shekara biyu bayan haka shi da Fert a Faransa, kowa a nasa ɗakin, suka ga lantarki yana wucewa da sauƙi in kibiyoyin sun daidaita, da ƙyar in sun saɓa. Parkin a IBM, 1990, ya nuna abin yana juyawa da kaurin na tsakiya: saɓani, daidaito, saɓani. Zuwa 1997 abin ya shiga kan da ke karanta faifan ajiyar kwamfuta. Nobel a 2007. Shekara goma sha ɗaya daga tebur zuwa kasuwa.

A can ilektiron masu yawo a ƙarfen tsakiya ne ke kai saƙo. A nawa, na tsakiyar ba ya ɗaukar lantarki. In saƙo ya wuce, ta wata hanya ya bi.

Kuma oksid yana da abin da ƙarfe ba shi da shi. A gida ɗaya na kiristal akwai mai maganaɗisu, akwai mai riƙe cajin lantarki ya juya shi, akwai mai ɗaukar lantarki ba turjiya, duk gidajen atam ɗinsu kusan girma ɗaya, suna hawa kan juna. Ohtomo da Hwang a 2004 sun haɗa biyu marasa ɗaukar lantarki, LaAlO3 da SrTiO3, mahaɗarsu ta ɗauka. A Augsburg a 2006 aka nuna sai na saman ya kai hawa huɗu abin yake kunnuwa, uku, shiru. Fatan shi ne wata rana a juya maganaɗisu da ɗan matsin lantarki kawai, ba tare da kwararar da ke zafafa na'ura ba. Mutanen Hefei a Sin sun nuna a 2017 cewa oksid zalla yana iya yin irin na Grünberg, shimfiɗa-shimfiɗa suna juyawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ban faɗa mata ba: nawa sai ƙasa da kelbin 150 yake aiki. Ba wayar da za ta ɗauke shi. Na yarda da haka, kuma ina ganin sanin inda saƙo yake mutuwa ya cancanci hunturu guda.

Litinin, 27

Dusar ƙanƙara da yamma, jiƙaƙƙiya. Katanga hawa biyu. Ɗigon ya dawo da haske fiye da na Alhamis. Hannu ya saba.

Talata, 28

Ma'auni ya tsaya. Wani abu ya toshe a hanyar sanyi, zafi ya ƙi sauka ƙasa da 20. Sai an ɗumama duka an sake sanyayawa. Layi ya koma baya, kowa da kowa.

Samfura biyu a akwati, a naɗe, ban san me ke cikinsu ba.

Laraba, 29

Jira. Na wanke kwalabe. Na share teburin da ba nawa ba.

Alhamis, 30

Katanga hawa huɗu, tunda tukunya ba kowa. Lafiya lau.

Da yamma na fara rubuta takardar neman lokaci a BESSY, a Berlin. Can ana iya saita hasken eksire ya yi magana da manganis shi kaɗai, wajen 640 a ma'aunin ilektiron-bolt, sannan a koma kan rutiniyam shi kaɗai. Kibiyar kowa daban, ba jimilla ba. Matsala: ƙofar rutiniyam da ke kusa tana wajen 460, ta taitaniyam ma nan take. Farantina taitaniyam, katangata taitaniyam. Siginarsa za ta danne. Akwai wata ƙofar rutiniyam can sama, wajen 2,800, amma ba kowane layin haske ke kaiwa ba.

Na rubuta sakin layi ɗaya, na goge rabi.

Juma'a, 1 ga Disamba

Sanyi har cikin haƙori. Ma'auni ya fara sauka.

Litinin, 4

Mai hawa ɗaya ya fito.

Ya sauka a wajen 150. Bai kai na farko zurfi ba, amma ya sauka. Zagaye a 10: birkicewar tana nan, ta ƙuntata. Suna jin juna ta bayan katanga.

Murna ta minti kaɗan. Sai tambayar da na san tana zuwa: ta cikin katangar, ko ta ramukanta? Hawa ɗaya a kan milimita 5. In ko'ina cikin ɗari akwai 'yan wuraren da ba su rufu ba, manganis da rutiniyam suna taɓa juna kai tsaye a nan, kuma haɗin nan da ƙarfinsa, zai iya jan na kewaye. Ma'auni ba zai bambance ba. Koren allo ma matsakaici yake nunawa.

Talata, 5

Na kwana da ramuka.

Laraba, 6

Muhawara a ɗakin shayi. Abokiyar ofis tana ganin ramuka ne, ba wani abu. Wani ɗan Italiya da ke lissafi ya ce hawa ɗaya bai isa ya raba ba ko da cikakke ne: manganis, oksijin, taitaniyam, oksijin, rutiniyam, hanya ta yi tsawo amma ba ta yanke ba, ilektiron yana iya ratsa siririn abu irin wannan. Injiniya, da ba ya cika magana, ya tuna mana Néel, 1962: in fuskoki biyu suna da tudu da kwari iri ɗaya, wannan kaɗai yana jan su su daidaita. Wato akwai mai ja ta ɗaya gefen ma.

Ni ina tsakiya. Zuciyata tana son bayanin ɗan Italiya, shi ya sa nake tsoronsa.

Gani ya kori ji. An yarda a yanki ɗan siririn yanki daga samfurin a kai babban madubin ilektiron, a ga atam ɗin a jere, a ga ko taitaniyam ya rufe layinsa. Yankan zai ɓata gefen samfurin. Kuma yanki ɗaya wuri ɗaya ne kawai. Na sa hannu.

Alhamis, 7

Mai hawa biyu a ciki tun asuba. Ban je ɗakin ba sai la'asar, da gangan.

A 150: ba hawa, ba sauka. Layi ya wuce abinsa, in ban da ɗan lanƙwasa da sai an ƙura ido.

Ma'ana biyu. Ko saɓanin ya yi rauni har ya kusa mutuwa. Ko ya mutu sarai, rutiniyam ya samu 'yanci ya miƙe tsaye yadda faranti yake so, ni kuma a shimfiɗe nake awo, ba na ganinsa. Dole a juya samfurin a auna ta tsaye. Wani daren ke nan, wani layin.

Ba daɗi, ba baƙin ciki. Gajiya.

Juma'a, 8

Yaya ya turo hotunan biki. Inna cikin shuɗin leshi. Na kira, hayaniya ta hana mu jin juna, ta ce in ci abinci.

An saka sunana daren Asabar, wani ya janye.

Lahadi, 10

Ta tsaye, mai hawa biyu, kelbin 10. Zagaye mai faɗi, mai kusurwa, irin na rutiniyam in yana shi kaɗai. Ya miƙe ke nan. Amma juyawarsa ba a taka ɗaya ba, akwai ɗan tsayawa a hanya, kuma ban san na wane ne ba. Wata shimfiɗar ta riga wata juyawa? Ta ƙasan da ke manne da faranti daban take da sauran? Ko saura ne na saɓanin?

Na rubuta duka ukun a littafin ɗakin gwaji, ban ja layi ƙarƙashin ko ɗaya ba.

Na farkon, marar katanga, shi ma ban taɓa auna shi ta tsaye ba. Sai an yi, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Litinin, 11

Farfesa ya duba na jiya ya daɗe. Ya ce kada a rubuta komai a kan hawa biyu sai hoton madubi ya zo. Masu madubin sun ce bayan hutun ƙarshen shekara.

Mai hawa huɗu zai shiga ma'auni ranar Laraba da ƙarfe takwas na dare, a shimfiɗe tukuna, sannan ta tsaye.